Zuwa ga Edita: sipor moter na orijin ko adaptabul, ni sau uku na biya kafin in gane

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki, ya zafi, ya haƙuri da mu masu cika muku akwati da surutu. Ni mai karatunku ne daga nan Tahoua, ban taɓa rubuto muku ba sai yau, kuma abin da ya sa na zauna ina ta latsa waya tun bayan isha'i shi ne wancan ɗan rubutu da kunka buga a filin motoci, inda wani bawan Allah ya tambaya wane sipor moter, wato mazaunin inji, zai ɗaura ma motarshi mai gudu, na orijin ko adaptabul wanda ba na kamfanin motar ba, anka ba shi amsa cikin layi uku wai ya sayi orijin kawai ya huta. Amsar ba ƙarya ba ce amma wallahi ta yi gajarta, don a ƙasar nan in ka shiga shago ka ce orijin abu biyu ne za a iya miƙo maka, in ka ce adaptabul abu uku ne, kuma cikin biyar ɗin nan akwai na kirki akwai wanda zai kwashe maka kuɗi ya bar ka da ciwon baya. Ni sau uku anka ɗaga mini inji cikin shekara ɗaya da ƴan watanni saboda wanga abu, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa.

Motata BMW ce 330Ci mai ƙofa biyu, ta 2003, wadda masu sani ke ce ma E46, inji mai silinda 6 a jere, lita 3, doki 231, buwat ta hannu. Wana da ke zaune Beljik ya turo mini ita tun lokacin da kaya ke biyowa ta Kwatano ba wahala, kafin a rufe iyakar Benin a 2023. Na san abin da za a ce, an sha faɗa mini, wai mi zan yi da mota mai ƙofa biyu a Ader, ina zan sa iyali ina zan sa ragon layya, har surukata ta taɓa tambaya ko kuɗin ne ba su kai ba anka ba ni rabin mota. To kowa da abin da ke faranta mishi rai, wani doki wani tattabaru wani kallon kokowa, ni wagga ce tawa.

Ga wanda bai sani ba, sipor moter shi ne mazaunin inji, wasu su ce silambulok, ƴan'uwanmu na Illela da Sakkwato su ce injin sit. Inji da buwat nauyinsu ya kai buhun gero biyu ko kusa da haka, kuma ba ɗaure su ake yi ƙarfe kan ƙarfe da jikin mota ba, zaunar da su ake kan roba. A tawa biyu ne manya, ɗaya hagu ɗaya dama, sai ƙanana biyu can baya ƙarƙashin buwat. Aikinsu biyu kuma aikin nan biyu kishiyoyin juna ne, nan duk rigimar take: ana so su yi taushi su shanye rawar inji kada ta iso ga mai tuƙi, ana kuma so su yi ƙarfi su riƙe injin kada ya yi ta murɗawa in an taka wuta. In ka ƙara ɗaya ka rage ɗaya. Inji mai silinda 6 ko yana tsaye kawai yana juyi wajen 700 a minti, fashewar wuta 35 ke faruwa cikinshi kowace daƙiƙa, lissafi ne kowa na iya yi, to duk wanga bugu roba ce ke tsaye tsakaninshi da ƙashin bayanka.

Tawa ta fara ne da ɗan girgiza in na tsaya da kilim a kunne, madubin ciki ya riƙa rawa kaɗan, ban kula ba. Sai kuma in na saki ambiriyaj da ɗan ƙarfi in ji wani dum daga ƙasa kamar an jefa turmi cikin rami, in na ɗaga ƙafa daga wuta ma in ji wani. Abin da ya ba ni tsoro shi ne ranar da nake dawowa daga Konni, bayan Badagishiri na zo wuce wata babbar mota ina cikin kwana-kwana, na nemi in sauko daga bites na biyar zuwa na huɗu sai sandar ta nufi wani wuri daban, saura kaɗan ta faɗa na biyu, Allah ya sa ban saki ƙafa ba. Wanda ya san mota ya san in ka jefa na biyu kana kan 120 injin ya gama yawo, bawul da fistan za su gaisa. Ashe in mazaunan sun mutu inji da buwat duka ke karkacewa, ramin bites ɗin ya gusa daga inda hannunka ya saba.

Na kai ta wajen wani dattijo makanike da muke ce ma Baba, mutum ne da ya yi zaman Abija shekara da shekaru yana gyaran motocin Jamus kafin ya dawo gida. Bai ko kwanta ƙasa ba da farko. Ya buɗe kapo, ya ce in ja birkin hannu in taka na ƙafa, in sa na ɗaya in riƙa sakin ambiriyaj sannu-sannu, ya kori yara daga gaban motar ya tsaya shi daga gefe. Ina saki sai ga inji ya ɗago ɓangaren hagu kamar raƙumi zai tashi. Ya ce sa ta baya, na sa, ya kwanta ɗaya gefen. Sai ya yi dariya ya ce, ɗana wanga inji ba zaune yake ba tsugune yake. Sannan ya haska tocila ya nuna mini wani baƙin tabo da ya gangaro daga jikin sipor na hagu ya bushe, ƙura ta manne mishi, ya ce ka ga jininshi nan ya tsiyaye tun bara.

Ni da ban san akwai ruwa ciki ba, na ɗauka dunƙulen roba ne kawai. Da anka cire sai Baba ya sa yaro ya yanka tsohon da zarto don in gani da idona. Ciki ɗaki biyu ne, sama da ƙasa, da faranti tsakani mai wata siririyar hanya da ta zagaye kamar macijiya, ga wata ƴar fatar roba a tsakiya. Ruwan, dangin wanda ake zuba ma radiyater ne, shi ke bi ta siririyar hanyar daga ɗaki zuwa ɗaki. In ƙaramar rawa ce ta inji fatar ce ke motsi ta shanye, abin ya zama laushi. In kuwa babban bugu ne, ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudun nan da muke ce ma dodan, sai ruwan ya matsu cikin hanyar ya ƙi wucewa da sauri, abin ya yi tauri ya tare injin kada ya yi ta tsalle. Wato abu guda ne yake laushi inda ake son laushi yake tauri inda ake son tauri. Tun ranar na daina ganin tsadarshi kamar zalunci ne zalla. Kuma gaskiya waɗanda sunka zo da motar sun yi shekara ashirin suna aiki, ba ni da abin cewa a kansu.

Sai batun kuɗi. Wana ya tambayo mini can wajen dilan kamfanin, guda biyun sun tasam ma yuro 200 kafin kuɗin aikowa, kuma kun san yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wato jika 131 ke nan kan roba biyu, ga watan azumi ya gabato ga kuɗin makarantar yara. Na ce a'a. Na bugi wani yaro a Niamey ya zagaya shaguna ya samo mini adaptabul jika 18 biyun, ya sa a bis washegari na karɓa a tasha. Kwalin fari fes ba sunan kowa sai lamba da anka buga da tambari. Baba ya ɗauka ya jinjina a hannu, ya girgiza kusa da kunne, ya danna robar da farce, ya shinshina, ya ce ɗana wanga ba ruwa cikinai, kuma warin tsohuwar taya yake yi, amma motarka ce. Na ce Baba a sa hakanan. Makon farko lafiya lau har ina cewa dattijon nan tsoro ne da shi. Zafin watan huɗu da na biyar ya shigo, kun san yadda Tahoua take lokacin, 43 44 a inuwa balle ƙarƙashin kapo kusa da salansa, kafin ruwan farko ya sauka na dama ya zauna ya lotsa, robar ta rabu da ƙarfen da anka manna ta, dum ɗin nan ya dawo har ya fi da. Wata biyar ba su cika ba. Jika 18 da jika 10 na aiki sun tafi.

Karo na biyu kuwa laifin kaina ne da na ɗan ƙanwata, yaro ne ɗan jami'a da ba ya rabuwa da bidiyon motoci a YouTube da TikTok. Ya ce kawu ai masu irin motarka a Turai da Amurka duk sun bar roba, poliyuretan suke sawa, wani abu mai tauri dangin filastik, ba ya tsagewa ba ya tsiyaya mai ba ya cin shi, kuma mota na ƙara amsawa. Ya nuna mini hotuna, kaya masu kyau ja da rawaya kamar alawa, da ƙarfe mai walƙiya. Zuciya ta biya. Munka yi oda daga wani kamfani da ba sai na faɗi sunanshi ba don ba su yi mini ƙarya ba, sun rubuta ƙarara cewa rawa za ta ƙaru, mu ne ba mu karanta da kyau ba. Da kuɗin jirgi da na duwan ya tashi wajen jika 90, ka ga wanda ya gudu daga 131. Ana auna taurin irin kayan nan da wani ma'auni da ake kira Shore A, robar tayar mota tana wajen 60 zuwa 70, robar sipor na kamfani galibi ta fi haka laushi, su kuwa na poliyuretan za ka ga an rubuta 70 ko 80 ko 95. Yaron ya ce kawu mu ɗauki 80 tsaka-tsaki ne. Tsaka-tsaki wai.

Zan faɗi gaskiya don kada a ce na zalunci abin: bites ya gyaru ƙwarai. Sandar na shiga tsaf-tsaf kamar kulle bindiga, kana taɓa wuta mota ta zabura ba wani jinkiri, dum ya ɓace. In kana kan kwalta mai kyau kana sama da juyi 3,000 daɗi kamar mi. Amma fa ƙarfin inji bai ƙaru da ko doki ɗaya ba, wanda ya ce maka sipor na ƙara ƙarfi ya ruɗe ka, jinkirin murɗawar ne kawai ya ragu. Sauran rayuwa kuwa azaba. Da safe in na tada ta sitiyari na kaɗawa a hannu kamar injin niƙa, madubi ba ka ganin komi cikinshi sai inuwa, tablo na zuzu, ƴan canjin da ke cikin aljihun ƙofa na kiɗa, in na kunna kilim a tsaye abin ya ninka. Uwargida ta shiga sau biyu ta ce ita dai a bar ta da kabu-kabu ya fi mata kwanciyar hankali. Na yi tafiyar Niamey da su, kilomita wajen 550 ta Tsarnawa da Konni da Dogon Dutsi da Dosso, na isa haƙorana na zafi, kunnena na ƙugi har cikin barci. Bayan wata uku anka tarar noti biyu na garkuwar salansa sun kwance sun faɗi, wani maƙalin tiyo ya tsage, fitilar tablo ɗaya na kawowa tana ɗaukewa. Baba ya ce rawar da roba ke ci da, yanzu motar ce ke cin ta, kuma mota mai shekara ashirin ba ta da haƙoran cin wanga tuwo.

Abin da yaran nan ba su lura da shi ba, kuma ni ma da girmana ban lura ba, mutanen da ke cikin bidiyon nan motar tasu ta filin tsere ce, wasu a kan tirela ma ake kai ta, ta yi zagaye na minti ashirin kan kwalta sumul kamar faranti a maida ta gareji. Mai ita na da wata motar ta zuwa aiki. Mu kuwa mota guda ce, ita ce ta zuwa biro ita ce ta biki ita ce ta kai mara lafiya likita da dare, kuma hanyar da za ta bi rabi kwalta mai ramu rabi jan burji mai gargada, ga dodan kowane gari ka shiga. Ina filin tseren yake a nan? Kuma ko manyan masu ƙera motocin gudun ba su zaɓi dutse ba. Porsche a kan 911 GT3 ta 2009 sun fito da sipor mai wani ruwa da ke da garin ƙarfe ciki, in kwamfutar motar ta ba shi maganaɗisu ya yi kauri ya riƙe inji gam lokacin kwana da gudu, in an dawo tafiyar gari ya saki. Sun kashe maƙudan kuɗi ne don kada mai motar ya zaɓi ɗaya ya rasa ɗaya. Kai tun farkon abin ma don jin daɗi anka ƙirƙiro shi, kamfanin Chrysler ya fito da wata dabarar zaunar da inji kan roba a motocin Plymouth a 1931, Citroën ta sayi izinin dabarar a 1932 har tana manna hoton wani tsuntsun ruwa a jikin motocin don nuna injin yawo yake kamar a kan tafki. Shekara casa'in da wani abu ana wahalar raba mutum da rawar inji, ni na biya jika 90 na maido ta.

Da na je Niamey ɗin ne na kusa yin kuskure na uku, kuma shi ne ainihin abin da ya sa amsar da kunka buga ta dame ni. Na shiga wajen masu kas, masu kayan da ake kwancewa daga motocin Turai da na Dubai, wani ya fiddo mini sipor biyu da tambarin kamfani da lambarshi ras, ya ce Alhaji ga orijin na gaske ba irin na kwali ba, jika 25. Kuma bai yi ƙarya ba orijin ne. Mutanenmu in an ce orijin wanga suke nufi, don sabon na dila wa ke ganinshi. To amma an daina ƙera irin motar tawa tun 2006, ke nan in ba an taɓa canza shi can ba, duk sipor da anka ciro daga irinta sa'an wanda na zubar ne, tsoho ne ɗan'uwan tsoho. Ƙarfe na kas ba laifi, hannun alminiyon da ke riƙe sipor ɗin ma in ya karye na kas nake nema, haka ƙofa haka janta. Amma roba tana tsufa ko tana ajiye, zafi da iska na busar da ita, ga nauyin inji da ta ɗauka shekara da shekaru ya riga ya danne ta. Na ɗauki hoto na tura ma Baba ta WhatsApp, ya sa yaro ya maido mini da murya, ya ce ɗana ka ce a ba ka mita ka auna tsawonai. Na auna, na gwada da tsawon sabo da wana ya turo mini, ya gaza da kusan faɗin ɗan yatsa. Na ba mai kaya haƙuri na fito.

Abin da ya raba gardama wana ne ya gano shi wajen wani makanike can. Ashe kamfanonin mota galibinsu ba su ke dafa robar nan da kansu ba, akwai masu yi musu, irin su Lemförder da ke ƙarƙashin ZF, da Corteco na gidan Freudenberg, da Vibracoustic, a Faransa kuma Hutchinson, motocin Japan su ma da nasu irin Sumitomo Riko. Kuma da yawansu suna saida kayan cikin nasu kwali da nasu suna, har wani lokaci za ka ga gurbin da anka goge tambarin kamfanin motar da gurza a jikin ƙarfen. A bakin ɗan kasuwa shi ma adaptabul ne tunda ba kwalin kamfanin mota ya zo ba, sunanshi ɗaya da wancan farin kwalin na jika 18 da kuma mai kalar alawa, alhali ba abin da ya haɗa su. Shi na saya, mai ruwa ciki kamar na asali, biyun da ƙananan na buwat ba su kai rabin kuɗin na dila ba, wani ɗan garinmu da ke dawowa hutu ya saƙo su cikin jaka. Da Baba ya ajiye shi kusa da na asalin da munka yanka, tsayi ɗaya in ka cire lotsawar tsohon, ƴar ƙusar da ke shiga rami don kada a juya shi tana wurinta, nauyi a hannu ɗaya. Ranar da anka sa na tada mota sai da na duba allura don in tabbata injin na aiki. Kuma abin mamaki bites ɗin bai koma yadda yake da ba, tsaf yake shiga, ashe yawancin daɗin da na ji da poliyuretan ba don taurinshi ba ne, don na fito daga matattu ne, ko mi ka sa sabo sai ka ji bambanci.

Sai dai a yi hattara don sunayen nan ma ana buga na jabu, kwali ba shi da wuyar bugawa. Ni dai yanzu ba na sayen irin kayan nan sai da lambar shasi, harufa da lambobi 17 ɗin nan da ke kan kart giriz, da ita ake fiddo lambar kayan daidai, na BMW lamba 11 ce. Sannan a duba jikin abin ba kwalin ba, na kirki rubutunshi a cikin robar ko ƙarfen yake an zubo shi tare, bakin robar a gyare ba tsiga-tsiga, ba ya warin ƙonanniyar taya. In kuɗin ya yi araha har ka ji daɗi ƙwarai to ka tsaya ka sake tunani. Kuma in motarka ta zamani ce mai sipor da tiyon iska ko wayar lantarki ke shiga cikinshi, irin na wasu Audi da Mercedes da Honda, nan kam kada ka yi wasa, in ka sa wanda ba shi da wayar wata motar har fitila za ta kunna maka, nan amsarku ta orijin ta fi kusa da daidai.

Wani abu kuma da Baba ya nace a kai wanda ba a faɗi ba cikin rubutun naku, kafin a sa sabo a nemo abin da ya kashe tsohon. A tawa na hagu shi ke shan ja duk lokacin da anka taka wuta don ta nan inji ke ɗagawa, kuma mai na ɗiga mishi daga wani tsohon juwan, robar da ke toshe mahaɗar inji, da ya bushe, baƙin mai kuwa kumbura roba yake ya ruɓar da ita. Na dama shi kuma maƙwabcin salansa ne, akwai ƴar garkuwar ƙarfe da ke kare shi daga zafi, yaran gareji da yawa in sun cire ba su maida ta wai ba ta da aiki, nan kuwa ita ce ranshi. Sai da munka toshe yoyon munka maida garkuwar. A canza biyun tare, in ka sa sabo gefe guda tsohon zai bar mishi aikin duka. Wurin ɗaga inji a sa katako mai faɗi tsakanin jak da kartar, wato tukunyar mai ta ƙasan inji, don ta alminiyon ce tana fashewa, na taɓa ganin wata da anka huda haka mai na zuba kamar an yanka rago. Kada a ɗaga fiye da kima a tsinke tiyo da wayoyi, kuma kada a ƙulle notin ƙarshe sai an sauke injin ya zauna da nauyinshi, in ba haka ba robar za ta kwana a murɗe ta tashi a murɗe.

Ban raina dabarar makanikanmu ba fa, na ga yadda ake yanka tsohuwar tayar babbar mota a jera a huda a sa dogon noti a yi ma Hilux ko ƴar Starlet mazauni, kuma ta kai mutum Abalak ta dawo. A daji in abu ya tsinke maka wannan ceto ne, Allah ya saka musu. Amma a mota mai juyi har 6,500 wadda tsakanin injinta da radiyater da kapo ba wani fili, in tsayin ya kuskure da kaɗan wani abu zai taɓa wani, kuma abin da zai fashe ya fi sipor tsada nesa ba kusa ba.

Wanda kuma ya ce shi lalle yana son ɗan ƙarin tauri don yana jin jininshi na tafasa, akwai hanya ba sai ya kai ga dutse ba. Masu irin tawa da yawa suna sa na babbar yayarta M3 mai doki 343, roba ce ta kamfani amma ta ɗan fi ƙarfi, wasu kuma su bar na inji yadda yake su canza ƙananan na buwat kawai. Kuma a tuna inji mai silinda 6 a jere shi ne ma mai ladabi, a daidaice yake tun daga ƙira, duk da haka ga yadda ya yi da ni, to ina ga mai silinda 4 irin Golf GTI ko Celica, balle mai gazuwal.

Yanzu wata na goma sha ɗaya ke nan da na ukun, sun ga zafi ɗaya sun ga damina ɗaya, na je Niamey sau biyu Maradi sau ɗaya, kowane bidanj ina sa yaro ya haska tocila ya duba ko akwai tabo, har yau dai a bushe suke. Na poliyuretan ɗin suna nan cikin kwali bisa kabad, ɗan ƙanwar tawa ya ce in ajiye mishi har ya yi tashi motar, na ce to Allah ya kawo, ranar zan ba shi har da maganin ciwon kai. Malam Edita in da hali ku miƙa ma wancan bawan Allah wagga wasiƙa, ku kuma tambaye shi wace mota ce da shi da shekararta da hanyar da yake bi kullum, don bai faɗa ba cikin tambayar tashi.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai karatunku,
daga Tahoua